RA'AYINMU: Kafin A Ɗora Wa Kofato Laifi, A Fara Tona Rami

'Yan'uwa makiyaya da Alhazai 'yan kasuwar shanu, akwai wata magana da ke yawo a ƙasar Binuwai da tudun Adamawa, tun daga Garwa da Ngong da Tuboro har zuwa kewayen Ngawundere, wadda a ganinmu bai kamata a yi shiru a kanta ba. Maganar kuwa ita ce wai shanu ne ke taurara ƙasar gona. Manomin masara wanda ya bar huɗa ya koma shuka kai tsaye bayan feshin maganin ciyawa, idan ya ga ruwan sama na gudu a kan gonarsa ba ya shiga ƙasa, masara kuma ta tsaya ta ƙi tashi, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne kofato ya daɓe masa gona. Daga nan sai maganar ta zama hujjar hana dabbobi shiga karan masara bayan girbi. Wasu ma har suna ganin makiyayi ne ya kamata ya biya hayar tarakta mai dogon haƙori da za ta zo ta fasa ƙasar.

Ba sai an gaya wa mai shanu abin da karan masara yake a wurinsa ba. Daga watan Nuwamba, lokacin da ciyawar daji ta bushe ko wuta ta cinye ta, karan gona ne ke riƙe garke. Shi ne nonon da matanmu ke kaiwa kasuwa, shi ne kuma naman da ke jikin bijimin da za a ɗora wa jirgin ƙasa a tashar Ngawundere zuwa Yawunde. A Jihar Arewa, gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida tare da yankunan farautar da ke kewaye da su sun ɗauke fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar. Abin da ya rage kuma, tun shekarun 1970 da aka soma zaunar da manoma daga Arewa Mai Nisa a kwarin Binuwai, gonakin auduga da masara ke ta cinye shi. A kudancin Adamawa ga ciyawar nan da ake kira Bokasa ta mamaye makiyaya. Idan aka rufe karan gona a kan wannan duka, to, an rufe ƙofa ta ƙarshe. Saboda haka wajibi ne mu san gaskiyar al'amarin ƙasa da kanmu, domin wanda bai san magana ba a gaban hukuma, ko yana da gaskiya sai ta zube.

Shuka ba tare da huɗa ba dai ba sabon abu ba ne ga Bahaushe da Bafillace, kakanninmu da sungumi suka yi shuka. Sabon abin shi ne haɗa ta da maganin kashe ciyawa da injin shuka. Wani manomi mai suna Harry Young ne ya fara gwada haka da masara a jihar Kentaki ta Amurka a 1962, wani kuma Herbert Bartz ya fara a kudancin Brazil a 1972, inda ruwa ke kwashe musu ƙasa. A nan arewacin Kamaru, tun shekarun 1990 manoman auduga suka rungumi feshi da shuka kai tsaye, ba don komai ba sai don yana rage wahala, kuma mutum na samun shuka da ruwan fari ba tare da jiran garmar shanu ba. Daga 2002 kamfanin auduga na Sodecoton, tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa IRAD da ta Faransa CIRAD, suka kawo shirin da suka sa wa suna Ruwa, Ƙasa da Itace. Abin da shirin ya koyar shi ne kada a juya ƙasa, a riƙa sauya amfanin gona, kuma a bar gona a lulluɓe da kara da busasshiyar ciyawa duk shekara. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya ci karo da al'adar sakin gonaki, kuma masu binciken da kansu sun rubuta cewa kiwon bayan girbi da gobarar daji na daga cikin manyan dalilan da suka sa tsarin bai bazu yadda suka so ba. Abin da ya bazu shi ne rabinsa: feshi da shuka a kan ƙasa tsirara. A tuna da wannan, domin a nan yawancin matsalar take.

To, me ke taurara ƙasa? Ku tambayi kowace mace da ta taɓa yin daɓen ɗaki. Ba a daɓe a busasshiyar ƙasa. Sai an yayyafa ruwa ta yi laushi, sannan maɗabi ya haɗe ta wuri ɗaya. In ta bushe ƙayau, ko an wuni ana duka sai dai ta yi ƙura. Haka ƙasar gona take. A cikinta akwai ƙananan kafofi da iska da ruwa da saiwa ke bi, kuma nauyi yana toshe kafofin nan ne a lokacin da ƙasa ke da danshi. Saniyar da ta shiga gona a watan Janairu, ƙasa ta yi wata biyu ba ta ga ɗigon ruwa ba, ba daɓe take yi ba. Tana karya kara, tana barin kashi da fitsari, ta wuce.

Abu na biyu shi ne zurfi. Ba za mu ɓoye ba, kofato ƙarami ne, saboda haka danniyarsa a daidai inda ya sauka tana kai ta tayar tarakta, in saniya na tafiya ma har ta fi. Amma zurfin da danniya ke kaiwa ya danganta ne da jimlar nauyin da ke sama. Saniyarmu kilo 250 ne zuwa 400, babban bijimin Gudali ya ɗan ɗara haka, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna illar kofato kan tsaya ne a saman ƙasa, wajen santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu. Tarakta kuwa tan-tan ne nauyinta, balle babbar motar da ke shiga har tsakiyar gona a loda mata buhunan masara. Idan nauyin da ke kan gatarin tayoyi ɗaya ya kai tan 10 a jiƙaƙƙiyar ƙasa, danniyar kan sauka kamu guda ko fiye, kuma shigar farko ita ce ke yin mafi yawan ɓarnar. Sannan ga garma ita kanta. Garmar faifai da ke yanka a zurfi ɗaya shekara da shekaru tana shafe ƙarƙashin inda take tsayawa, sai wani dandali mai tauri ya samu a can, wajen santimita 15 zuwa 25. Gonar da aka daɗe ana yi wa haka, ko an daina huɗa yau, dandalin na nan yana jira. Taraktoci kuwa ba jiya suka hau tudun Adamawa ba: tun 1975 aka kafa kamfanin alkama na Sodeble a Wasande, a shekarun 1980 kuma Maiscam ya buɗe babbar gonar masararsa a arewa da Ngawundere, bayansu masu hali da yawa suka bi sahu. Wanda ya sami tauri a zurfin kamu guda ya ce saniya ce, ya bar jaki yana dukan taiki.

A jihar Nebraska ta Amurka, masu bincike na jami'ar jihar sun yi shekara 16 suna sakin shanu a karan masara a gonakin da ba a huɗawa, suna auna ƙasar, suka fitar da sakamakon a 2017. Ba su sami taurin da ya kai ya hana saiwa tafiya ba, amfanin gona ma bai ragu ba, kuma ɗan ƙarin taurin da suka gani ya fi fitowa ne inda aka yi kiwo a lokacin da ƙasa ke da laima. Sai dai kada mu ɗauki wannan mu yi ta tutiya da shi. Ƙasarsu na daskarewa da sanyi ta narke, abin da ke sassauta ta kowace shekara, tamu kuwa ba ta yi. Karansu ya ninka namu yawa, kuma suna fitar da shanun tun ba su ci rabinsa ba. Mu a nan garke na farko ya ci, na biyu ya ci, na uku ya zo ya share.

Wannan ya kawo mu ga namu laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai inda kofato ke yin daɓe na gaske, kuma duk mun san wuraren: bakin mashaya, tsakiyar burtali, da mashekarin da aka daɗe ba a sauya ba. Akwai kuma lokacin da yake yi. A Ngawundere, inda ruwan shekara ya kai wajen milimita 1,500, damina kan kai ƙarshen Oktoba, kuma jar ƙasar nan na riƙe danshi bayan an cire masara. Yaron da ya kora shanu cikin gona washegarin girbi ƙasa na lumawa, ya yi ɓarna, ko da bai taɓa zangarniya ɗaya ba. Haka nan a ruwan fari, a watan Afrilu a tudu ko Mayu a wajen Garwa, lokacin da garkuna ke dawowa daga kiwon rani suna ratsa gonakin da suka jiƙe. Manomin da ke huɗa zai juya wannan sawun da garma ya manta. Wanda ba ya huɗa kuwa, a cikin wannan faɗin tafin hannun da aka daɓe zai sa irinsa. Kukansa a nan gaskiya ne.

Babbar illar ma ba ta kofato ba ce, ta baki ce. Ƙasar da aka cinye mata lulluɓi tas, rana ta gasa ta wata biyar, in ruwan fari ya sauko da ƙarfi sai ɗigon ya farfasa samanta ya toshe kafofin, ta yi ɓawo kamar bayan tukunya. A rairayin ƙasar Garwa da Pitowa wannan ya fi yawa, kuma ƙarshensa shi ne fako, irin wanda 'yan'uwanmu na Marwa ke kira harde. Amma a nan ma a yi adalci wajen lissafin masu cin karan. Manomin auduga da ya sayi bijiman noma a Ngong ko Adumri, yau shi ma mai garke ne, kuma shanunsa ne ke fara shiga. Mata na ɗiba don girki, maza na ɗiba don danga da rumfa. Mafarauta na cinna wuta don ɓera da gafiya. Ku ma Alhazai masu turke don Layya, amalanke nawa na kara da harawa ake kai muku, musamman shekarar da tunkuzar angurya ta yi tsada? Bafillacen daji shi ne wanda ake gani da sanda, shi ya sa shi kaɗai ake kira.

Sai maganar garma mai dogon haƙori, wadda wasu ke ɗauka ita ce maganin komai. Aikinta shi ne ta shiga santimita 35 zuwa 50 ta tsaga dandalin nan ba tare da ta juya ƙasa ba, don haka lulluɓin da ke sama ba ya lalacewa sosai. Inda dandalin yake da gaske, tana da amfani. Amma tana da sharuɗɗa waɗanda mai ba da hayar tarakta ba lalle ya faɗa ba. Sai ƙasa ta bushe daidai yadda za ta tsage ta farfashe. In da laima, haƙorin yanka kawai zai yi ya shafe gefensa, an ƙara daɓe ke nan da kuɗin mutum. In kuma ta bushe ƙarau kamar watan Maris, ƙaramar tarakta ba ta iya ja, babba kuma ta sha man da zai cinye ribar gonar. Bakin haƙorin dole ya wuce ƙarƙashin dandalin kaɗan, in bai kai ba aikin banza ne. Bugu da ƙari, ƙasar da aka fasa ta fi saurin sake daɓewa, in aka koma ana bin ta da tayoyi ko'ina, cikin shekara biyu ko uku sai ta koma gidan jiya. Abin da ya sa manoman Ostareliya suka rungumi dabarar keɓe wa tayoyi hanya ɗaya a cikin gona, kullum nan suke bi, sauran ƙasar ba a taka ta. A jar ƙasar Adamawa kuma akwai wani abu daban da ke tsayar da saiwa, wato tsamin ƙasa, wanda ko an fasa ta har zurfin ƙugu ba ya gushewa sai an zuba farar ƙasa da taki. Mutum na iya biyan hayar tarakta alhali ciwon gonarsa ba tauri ba ne.

Wani abin lura shi ne, taurin da kofato ke yi ba ya buƙatar wannan babbar garma ko kaɗan. Yana sama-sama, inda haƙori ɗaya da bijimai biyu ke ja zai tsaga shi a kan layin shuka. A Zambiya ƙananan manoma sun daɗe suna aiki da irinsa, suna kiransa Magoye, da sunan garin da aka ƙera shi. Ashe ke nan san da ake zargi da daɓe gona shi ne kuma zai iya buɗe ta, kuma daga hannunmu za a saye shi.

Amma ƙarfe tsagawa kawai yake yi, ba ya riƙe ƙasa a buɗe. Masu riƙe ta su ne saiwa da ƙwari. A arewacin Burkina Faso, binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka baza kara da ciyawa a kan fako, gara ce ke zuwa ta huda ɓawon, ruwa ya sami hanya, ciyawa ta dawo. Manoman can masu haƙa ramukan zai suna zuba kashin dabbobi a ciki ne don su jawo garar. Kowane makiyayi ya taɓa ɗaga kandilo ya ga yadda buzuzu da gara suka mayar da ƙarƙashinsa kamar rariya. Dattawan manoma sun san haka, shi ya sa a da suke roƙon Arɗo ya sauke musu garke a gona da rani, har su ba da dawa da gishiri a kai. Takin zamani ne ya sa aka manta da wannan zumunci, takin zamanin kuwa ba ya huda ƙasa, ga shi tun 2022 farashinsa ya nuna wa kowa iyakarsa.

Dangane da saiwa kuwa, akwai ciyawar Burakariya da malaman shirin Sodecoton suka riƙa shukawa a tsakanin layukan masara da dawa. Asalinta daga kwarin Ruzizi ne a gabashin Kwango, tashar bincike ta Wakwa da ke kusa da Ngawundere ta daɗe da saninta, kuma masu shanu da yawa a Adamawa suna nomanta suna yanka su adana don rani. Saiwarta na da yawa, tana nutsawa ta ratsa ƙasa mai tauri, in ta mutu ta bar kafofi ga masarar baɗi. A Brazil, tun farkon shekarun 2000, cibiyar bincikensu ta Embrapa ta yaɗa tsarin shuka masara tare da wannan ciyawa: a cire masara, a saki shanu su yi kiwon rani, a fitar da su da sauran ciyawa a ƙasa, sannan a yi shuka a kai ba huɗa. Wato a ƙasar da aka kwaso wannan noma aka kawo mana, shanu na cikin tsarin. Abin takaici ne a ce an iso da shi bakin Binuwai ya zama dalilin korarsu. Bambancin dai a fili yake: can mai gona shi ne mai shanu, nan kuwa mutum biyu ne, kuma ba wanda zai shuka ciyawa don garken wani ya cinye kyauta. Wannan kuwa ba matsalar ƙasa ba ce, matsalar ciniki ce, ciniki kuwa sana'armu ce.

Dokar gwamnati mai lamba 78/263 ta 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a kowace gunduma, ƙarƙashin shugabancin Sufurefe, tare da malamin gona da malamin dabbobi da sarakuna da wakilan ɓangarorin biyu. Yawancinmu mun san kwamitin nan ne kawai ranar ƙiyasta ɓarna. Alhali kuwa dokar ta ɗora masa tsara yadda za a yi amfani da filayen da noma da kiwo suka haɗu, har da ƙayyade lokacin shekara da kowanne zai karɓi ɗan'uwansa. Muna kira ga Arɗo-arɗo da Sarakunan Shanu da su nemi a zauna kan wannan tun watan Satumba, ba sai an kama shanu ba. Ranar sakin gonaki a ɗaura ta da bushewar ƙasa, ba da cire masara kawai ba, kuma ta Ngawundere ba za ta zama ɗaya da ta Garwa ba. A sa ranar fita kafin ruwan fari. Manomin da ke son barin lulluɓi ya yi wa gonarsa alama da kowa zai gane, iyayenmu Lamiɓe da Jauro-jauro su san da ita, kuma kada alamar ta zama dabarar killace rabin ƙauye ko toshe hanyar mashaya. Mu kuma mu ja wa yaranmu kunne su kauce mata, ko su shiga bisa yarjejeniya su fito da sauran kara a ƙasa. Inda mai gona ya shuka Burakariya, a yi masa tayin kuɗi ko na kwanan garke, kamar yadda ake tayin harawa. A kuma buɗe burtalin da aka matse, domin garke ɗari da aka tilasta wa bin hanya mai faɗin taku goma dole su mayar da ita dutse, ruwan da ke gudu daga kanta kuma gonar maƙwabci yake yanka.

Idan kuwa aka kai ƙarar wani cewa shanunsa sun taurara gona, muna ba shi shawara kada ya yi musu kuma kada ya yi saurin sa hannu a aljihu. Ya roƙi kwamiti cikin ladabi a je gonar da magirbi da shebur. A tona rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi a inda masara ta lalace, a tona wani a bakin gona inda garma da taya ba su taɓa bi ba amma shanu na bi kullum. A soka wuƙa a bangon kowane rami daga sama zuwa ƙasa a ji inda take tsayawa. A tumɓuke tushen masara biyu ko uku a duba saiwarsu: in ta sauka santimita 20 sannan ta lanƙwashe ta bi gefe kamar ta ci karo da faranti, wannan aikin garma ne da taya. In taurin a sama yake, da sawun kofato a busasshen taɓo, to shanu sun shiga da danshi, mai su ya nemi sulhu. Malamin gona da malamin dabbobi su rubuta zurfin da aka samu a takardar kwamiti, kowane ɓangare ya karɓi kwafinsa kafin a tashi daga bakin ramin.